Duba a Addinin Girkawan Dā da Abin da Masu Farfaɗo da Shi Suka Gada

A shekarar 2017 hukumomin ƙasar Girka suka ba wata ƙungiyar masu farfaɗo da addinin Girkawan dā da ake kira YSEE izinin buɗe ɗakin ibada a birnin Atina. Da wannan izini, addinin tsofaffin allolin Girkawa, su Zeyus da Afolo, ya shiga sahun abin da dokar ƙasar ke kira "sanannen addini", a ƙasar da kundin tsarin mulkinta ya ayyana Kiristancin Otodoks a matsayin addini mai rinjaye. Tun 1997 aka kafa ƙungiyar, kuma ba ita kaɗai ba ce. Akwai Labrys da Ellinais a Girka, akwai Hellenion a Amurka, ga kuma tarin mutanen da ba sa cikin kowace ƙungiya, kowa da ɗan teburin bautarsa a lungun ɗaki. A ƙidayar 2021 ta Ingila da Wales mutum 74,000 ne suka rubuta cewa suna bin irin addinan da Turai ta sani kafin zuwan Kiristanci, ko da yake masu bin tafarkin Girka ɗan kaso ne a cikinsu.

Abin da ya fi ɗaure wa jama'a kai a lamarinsu shi ne duba. Wanda ya leƙa TikTok ko YouTube zai ci karo da matasa suna zube duwatsu masu haruffan Girkanci, ko suna buɗe kati, suna cewa Afolo ne ya ba da amsa. Wasu har da farashi. Shin abin da ake yi a Delfi, shahararren wurin duba na Girkawan dā, ke nan shekaru 2,500 da suka wuce? Kafin a amsa, sai an san me Girkawan dā suke zuwa nema wajen mai duba, don ya sha bamban da abin da fina-finai suka cusa wa mutane.

Kalmomin da ke yaudarar mai karatu

Girkawa suna kiran sana'ar mantike, mai yin ta kuma mantis. A Hausa "duba" da "mai duba" ne suka fi kusa. Kalmar da ke kawo cikas ita ce prophetes, wadda daga gare ta Turawa suka samo kalmar da suke fassara "annabi" da ita. A haikalin Girkawa prophetes ma'aikaci ne, aikinsa ya isar da abin da abin bautarsu ya faɗa ga wanda ya zo tambaya. Ba ya zuwa da littafi, ba ya kafa shari'a, ba ya kiran jama'a su tuba. Duk inda aka ga "annabcin Girkawa", to amsar tambaya ɗaya ake nufi, ga mutum ɗaya ko gari ɗaya, a rana ɗaya, kuma babu abin da ya haɗa shi da annabci kamar yadda Musulmi da Kirista suka san shi.

Akwai kuma chresmologos, wanda za a iya kira dillalin amsoshi. Shi ba ya duba da kansa. Yana yawo ne da kundin tsofaffin baitoci da ake cewa masu duba na farko suka bari, idan wani abu ya taso ya zaro wanda ya dace ya karanta. Mutuncinsu bai kai na mantis ba. Marubucin tarihi Hirodotus ya ba da labarin wani daga cikinsu, Onomakiritus, da aka kama yana cusa baitin da ya ƙirƙira cikin kundi, aka kore shi daga Atina.

Sisero, ɗan siyasar Rum da ya yi rubutu kan batun a shekara ta 44 kafin Miladiyya, ya kasa duba gida biyu, kuma har yau rabonsa ake bi. Na farko shi ne wanda ke zuwa kai tsaye, ta bakin wanda abin bauta ya hau ko ta mafarki. Na biyu na koyo ne: karanta tashin tsuntsu, hantar dabbar da aka yanka, tsawa, atishawa, faɗuwar ƙuri'a. Na farko ya fi suna. Na biyu shi ne abincin yau da kullum.

Rana ɗaya a wata

Haikalin Afolo na Delfi yana gefen dutsen Farnasus, kuma matar da ke ba da amsa a cikinsa ana kiran ta Fitiya. Daga matan garin ake zaɓo ta. Marubuci Fulutak, wanda shi kansa ya yi hidima a haikalin wajen shekara ta 100 Miladiyya, ya ce ta zamaninsa 'yar gidan talakawan manoma ce, ba ta da wani ilimi na musamman. Ya kuma ce lokacin da kasuwar wurin ke ci sosai mata biyu ne ke karɓa-karɓa, ta uku tana jiran ko-ta-kwana, amma a zamaninsa ɗaya ta wadatar.

Ba kullum ake buɗewa ba. Ranar bakwai ga wata ce ranar tambaya, kuma a watanni uku na hunturu ba a yi, don a aƙidarsu Afolo ya yi tafiya. Ke nan kwana tara ne a shekara. Mai tambaya zai biya kuɗin wata waina ta hadaya, ya shiga layi, kuma akwai garuruwa da mutanen da Delfi ta ba gatan wuce layi. Kafin a fara sai a kawo akuya a yayyafa mata ruwan sanyi. Idan ta girgiza tun daga ƙafa har kai, rana ta yi kyau. Idan ba ta girgiza ba, kowa ya kama gabansa. Fulutak ya ba da labarin ranar da aka yi ta kwarara wa dabbar ruwa don a faranta wa wasu manyan baƙi, aka tilasta wa Fitiya ta shiga ba da son ranta ba, ta fito tana ihu ta faɗi, bayan 'yan kwanaki ta mutu.

Idan komai ya tafi daidai, sai ta hau kujera mai ƙafa uku a can ƙuryar haikali ta amsa. Bahaushe zai tuna da hawan bori, kuma masana sun sha kwatanta Fitiya da masu hawan iska na Afirka. Kamancin yana da iyaka: ita ma'aikaciyar gari ce, abin bauta ɗaya ne ake cewa yana magana ta bakinta, kuma a cikin ɗaki take aikinta, gaban mutane kaɗan.

Me take cewa? A nan ne labari da shaida suka raba hanya. Labarin da kowa ya sani shi ne na Kirosus, sarkin Lidiya, wanda ya tambaya ko ya yaƙi Farisa, aka ce masa idan ya yi zai rushe babbar daula. Ya yi, daular da ta rushe tasa ce. Akwai kuma amsar "katangar katako" da aka ba Atina gab da harin Farisa, wadda jagoran Atina Temistokilis ya fassara da jiragen ruwa, aka kuwa ci nasara a Salamis a 480 kafin Miladiyya. Sai dai labarin Kirosus ya iso mana ne ta hannun Hirodotus, kusan shekara ɗari bayan faruwarsa. A 1978 wani masani Ba'amurke, Joseph Fontenrose, ya tace ɗaruruwan amsoshin da ake jingina wa Delfi, ya ware kimanin 75 da aka rubuta a zamanin da aka ba da su. Yawancinsu ba kacici-kacici ba ne. Umarni ne a fili: ku yi hadaya ga wane, ya fi muku ku yi kaza. Wasu masana, irin su Lisa Maurizio, suna ganin ya tsananta tacewar, kuma baitoci masu harshen damo suna cikin al'adar wurin. Amma duk sun yarda cewa yawancin masu zuwa sun riga sun san zaɓin da ke gabansu. Abin da suke nema a ce musu wanne ya fi.

Wani rubutu da aka sassaƙa a dutse a Atina wajen 352 kafin Miladiyya ya nuna wannan ƙuru-ƙuru. Gardama ta tashi kan wani fili mai tsarki kusa da Elusis: a ba da shi haya a noma, ko a bar shi haka? Majalisa ta sa aka rubuta zaɓin biyu a kan farantan kuza biyu, aka naɗe kowanne, aka lulluɓe da ulu, aka jefa cikin tulun tagulla, aka girgiza a gaban jama'a. Wanda aka fara zarowa ya shiga tulun zinariya, ɗayan ya shiga na azurfa, aka rufe aka buga hatimi. Daga nan aka tura mutum uku Delfi da tambaya ɗaya tak: na zinariya za mu bi ko na azurfa? Jakadun ba su san abin da ke cikin kowanne ba, balle Fitiya. An bar filin ba noma. Wanda ya tsara wannan dabara ya yarda da Afolo, amma bai yarda da 'yan'uwansa mutane ba, kuma yana da dalili: an taɓa tsige wata Fitiya mai suna Feriyala bayan an gano Kiliyomenis, sarkin Sifarta, ya saye ta don ta ce abokin sarautarsa ba ɗan halak ba ne.

Maganar hayaƙin da ake cewa yana bugar da ita ma ba ta mutu ba. Marubutan dā sun ambaci wani ƙamshi da ke tasowa daga ƙasa. Faransawan da suka fara tonon wurin a 1892 ba su ga wani rami ba, aka ɗauka tatsuniya ce. A 2001 Jelle de Boer da John Hale da abokan aikinsu suka ce tsagin ƙasa biyu sun gitta a ƙarƙashin haikalin kuma akwai alamun iskar etilin. A 2006 wasu masana ƙasa suka mayar da martani cewa adadinta bai kai ya bugar da mutum ba.

Barguna, tumaki da cikin Anila

Wanda ke son jin muryar talaka sai ya tafi Dodona, a arewa maso yammacin Girka, inda ake tambayar Zeyus da Diyoni a gindin wani ƙaton itace. A can mai tambaya yana rubuta buƙatarsa a kan ɗan siririn allon darma, ya ninke ya miƙa. Darma ba ta ruɓewa, shi ya sa aka tono su da yawa, kuma a 2013 aka buga rubutu fiye da 4,000 daga cikinsu.

Wani mai suna Agis yana tambaya kan barguna da matasan kai da suka ɓace masa, ko wani daga waje ne ya sace. Lisaniyas yana so ya sani ko cikin da Anila ke ɗauke da shi nasa ne. Wani yana tambaya ko kiwon tumaki zai karɓe shi. Akwai masu neman haihuwa, masu shirin ƙaura, masu tunanin sauya sana'a, da bayi masu tambayar ko za su sami 'yanci. Salon da ya fi yawa biyu ne: "shin ya fi mini in yi kaza?" da "wane abin bauta zan yi wa hadaya don abu kaza ya yi kyau?"

Sauran wurare kowanne da hanyarsa. A Efidaurus marar lafiya yana kwana a farfajiyar Askilifiyos, abin bautarsu na waraka, yana jiran mafarkin magani, kuma duwatsun da aka samu a can suna ɗauke da labarin waraka kusan 70. A kasuwar Farai mutum yana kunna fitila gaban gunkin Harmis, ya ajiye kwabo, ya raɗa tambayarsa a kunnen gunkin, ya toshe kunnuwansa ya fita. Maganar farko da ya ji bayan ya buɗe su ita ce amsa. A Lebadiya kuwa da ƙafa ake fara zura mutum cikin wani rami da dare, riƙe da wainar zuma, kuma marubuci matafiyi Fausaniyas, wanda ya ba da labarin, ya ce shi ma ya shiga.

Wa ke sa ido kan mai duba?

Rundunar Girkawa ba ta fita sai da mantis. Kafin a tashi daga sansani ana yanka a duba hanta, kafin a gwabza a sake yanka a ga yadda jini ya zuba. Sana'ar tana da gidaje da suka gaje ta, kuma tana da tsoka: Zenofon, kwamanda kuma marubuci ɗan Atina, ya ce yarima Sairus na Farisa ya ba wani mai duba, Silanus, tsabar zinariya 3,000 saboda maganarsa ta tabbata. Sifarta, wadda ba ta ba baƙo 'yancin zama ɗan ƙasa, ta ba Tisamenus don ya yi mata duba a yaƙi.

Zenofon ya bar wani labari da ke nuna yadda abin yake a aikace. Sojojinsa sun maƙale a Kalfe da ke gaɓar Baƙin Teku, abinci ya ƙare, ana ta yanka amma alamu suna hana fita. Sai raɗe-raɗi ya tashi cewa shi ne ya haɗa baki da mai duba don yana son kafa gari a wurin. Abin da ya yi shi ne ya sa aka yi shela: gobe duk mai so ya zo ya gani da idonsa, duk wani mai duba da ke cikin runduna shi ma ya zo. Aka yanka har sau uku, ba ta sauya ba. Wani kwamanda, Niyon, ya gaji ya fita da mutum kusan 2,000 neman abinci, mahayan abokan gaba suka kashe kimanin 500. Zenofon yana ba da labarin ne don ya wanke kansa, wannan a fili yake. Duk da haka labarin ya nuna cewa hanta abu ce da ake buɗewa a gaban mutane, kuma kwamanda da kansa ya san yadda ake karanta ta.

Akasin haka ya faru a Sisili. Ranar 27 ga Agusta, 413 kafin Miladiyya, rundunar Atina tana shirin sulalewa daga Sirakus sai wata ya yi husufi. Masu duba suka ce a jira kwana 27, kwamandan rundunar Nikiyas ya amince. Kafin wa'adin ya cika an toshe musu mafita, aka ragargaza rundunar, aka kashe Nikiyas, aka zuba fursunoni aƙalla 7,000 a ramukan fasa dutse. Marubucin tarihi Tusididis ya ce Nikiyas ya cika dogaro da duba. Fulutak kuma ya kawo wata fassarar: gwanin mai dubansa ya mutu gab da lokacin, da yana nan da ya gane cewa duhun wata alheri ne ga mai gudu. Wato ko bayan irin wannan asara, wasu fassarar suka zarga, tsarin bai girgiza ba.

Masu shakka, da rufe ƙofa

Shakku bai jira zamaninmu ba. A cikin masu falsafa, mabiya Efikurus sun yi watsi da duba baki ɗaya, 'yan mazhabar Sitowa suka kare shi da cewa alloli masu kula da mutane ba za su bar su ba alama ba. Aflatun ya girmama Delfi amma ya soki masu bin ƙofofin attajirai suna sayar da tsafi. A ƙarni na 2 Miladiyya marubuci Lusiyan ya tona asirin wani Iskandar na Abonutikus, mai macijin da aka ɗora wa kan ƙarya na ƙyalle irin na mutum, wanda ke buɗe takardun tambaya a ɓoye ya mayar da hatimi.

Dokar sarakunan Rum Kiristoci ce ta kawo ƙarshen abin. A Nuwamban 392 Tiyodosiyus ya haramta hadaya, ya mai da duba kayan cikin dabba laifi daidai da cin amanar ƙasa. Babu wani gidan masu duba ko jerin Fitiya da ya tsallake zuwa yau. Duk mai yi yanzu daga littafi da dutse ya koya.

Abin da ya rage a hannu

Yawancin masu wannan addini a yau ba sa yanka dabba. Turare suke ƙonawa, su zuba ruwan inabi ko zuma ko madara. Da haka karatun hanta, wanda shi ne ƙashin bayan sana'ar mantis, ya fita daga lissafi. Kujerar Fitiya kuma babu garin da zai naɗa mai hawanta. Abin da ya saura ƙananan hanyoyi ne da mutum zai iya yi shi kaɗai.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce ta haruffa. A kudu maso yammacin Turkiyya ta yau an samu duwatsu masu baiti 24, kowanne yana farawa da harafi ɗaya na Girkanci. Baitin harafin farko yana cewa duk abin da ka sa a gaba zai yi kyau. Duwatsun ba su faɗi yadda ake zaɓen harafi ba, saboda haka na yau suke rubuta haruffan a kan tsakuwa su zara daga jaka. Akwai ta ƙashin idon sawun tunkiya, mai fuska huɗu da ake ƙirgawa 1, 3, 4 da 6: a jefa guda biyar, a sami ɗaya daga cikin sakamako 56, kowanne da sunan abin bauta da amsarsa. Akwai ta baitocin mawaƙi Homa guda 216 da aka samu a wata tsohuwar takarda daga Masar, inda ake jefa ɗan lido sau uku. Abin lura shi ne duk waɗannan na zamanin mulkin Rum ne, ƙarnuka bayan Atinar Sukurat.

Sai mafarki. Artemidorus, wanda ya rubuta kundi biyar kan fassararsa a ƙarni na 2, ya raba mafarkin da yunwa ko tsoro ko sha'awa ke haifarwa da wanda ke nuni ga abin da zai zo, ya kuma nace cewa sai an san sana'ar mai mafarkin da halinsa kafin a fassara. An juya wani sashe na aikinsa zuwa Larabci a Bagadaza a ƙarni na 9, fassarar da ake jingina wa Hunainu bin Ishaƙ. Bugun ƙasa da aka sani a ƙasar Hausa kuwa ba daga Girka ya fito ba, ko da yake sunan da Turawa ke kiran sa da shi na Girkanci ne. Ilimin ramli ne na Larabawa, kuma Girkawan daular Rum ta Gabas ma daga wajensu suka karɓa.

Inda suka saɓa

Saɓani na farko kan katin tarot ne. Masu bin diddigin tarihi suna cewa katin wasa ne da ya ɓulla a arewacin Italiya a ƙarni na 15, ba a fara duba da shi sosai ba sai ƙarshen ƙarni na 18 a Faransa, don haka ba shi da gurbi a addinin Girka. Ɗaya ɓangaren yana amsawa da cewa Girkawan dā da kansu masu aro ne: sun je Siwa a hamadar Masar tambayar Amun, Iskandar Mai Girma ma ya je a 331 kafin Miladiyya, kuma duban taurari na ranar haihuwa daga Babila da Masar ya shigo musu. Hujjar ta biyu tana da ƙarfi a tarihi. Ta farko kuma tana da amfani wajen hana a sayar wa mutane sabon abu da sunan tsoho.

Na biyu ya fi zafi: shin mutum zai iya kiran kansa bakin Afolo? Masu cewa e suna kafa hujja da masu duba masu zaman kansu da suka wanzu a dā. Masu cewa a'a suna nuna cewa Fitiya ba ita ta naɗa kanta ba, kuma tana kewaye da ma'aikata, da kalanda, da majalisar da za ta iya tsige ta. A tsakaninsu suna amfani da wani laƙabi da ke nufin "sanin da mutum ya samu shi kaɗai, ba a tabbatar ba". Ƙa'idar ita ce abin da ka ji a ranka ko ka gani a mafarki naka ne, ba ka da ikon ɗora shi a kan wani.

Na uku tsakanin 'yan ƙasa da baƙi ne. Ƙungiyoyin cikin Girka da yawa ba sa son a kira su da sunan da Turawa ke kiran masu bautar gumaka, suna cewa addinin kakanninsu suke yi. Abin da suka fi fitowa da shi bainar jama'a bukukuwa ne, da waƙoƙin yabo, da raɗin suna, da ɗaurin aure, da falsafa. Duba ya fi tashe a wajen masu magana da Ingilishi a intanet, inda addinin ya cakuɗa da wasu hanyoyin tsafi na zamani. Cikin waɗannan ma akwai masu ɗaukar amsar a matsayin saƙon abin bauta na haƙiƙa, akwai masu ɗaukar ta hanyar tattara tunani kawai.

Daga waje, matsayin manyan addinai a bayyane yake. Cocin Otodoks na Girka yana kallon lamarin a matsayin komawa bautar gumaka. Attaura ta hana duba, kuma Ayyukan Manzanni sura ta 16 ta ba da labarin wata kuyanga a Filibi mai ruhun duba da Bulus ya fitar, inda kalmar Girkancin da aka yi amfani da ita take da tushe ɗaya da sunan Fitiya. A Musulunci sanin gaibu na Allah ne shi kaɗai, Suratul Ma'ida ta haramta neman rabo da kibau, kuma hadisi a Sahihu Muslim ya ce wanda ya je wa mai duba ya tambaye shi ba za a karɓi sallarsa ba ta kwana arba'in.

Doka, aljihu da lafiya

Amincewar 2017 ta ba YSEE damar mallakar wurin ibada da ɗaura aure, amma ba ta mayar mata da tsofaffin haikalai ba. Delfi, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 1987, tana hannun ma'aikatar al'adu, da tikiti ake shiga. A Janairun 2007 'yan Ellinais sun yi bikinsu a harabar haikalin Zeyus da ke Atina duk da hanin ma'aikatar, kuma wannan takaddama kan wuraren tarihi ba ta ƙare ba.

Ga mai biyan kuɗi, kariyar da yake da ita ta danganta da inda yake. A jihar New York karɓar kuɗi don faɗin abin da zai faru laifi ne, sai in an bayyana cewa nishaɗi ne. Birtaniya ta soke dokarta ta 1951 kan masu duban ƙarya a 2008, ta mayar da lamarin ƙarƙashin dokar kare masu sayen kaya, wato ana kallon mai duba kamar kowane ɗan kasuwa da zai iya yaudarar abokin ciniki. A intanet, inda mai duba ke wata ƙasa mai tambaya ke wata, da wuya ɗaya daga cikin dokokin ta yi aiki. Salon damfarar da aka fi sani shi ne a ce wa mutum an yi masa asiri ko wani abin bauta yana fushi da shi, sannan a yanka masa kuɗin warwarewa.

Haɗarin da ba na kuɗi ba shi ne mutum ya mai da kowane tsuntsu da kowace atishawa saƙo, ko ya bar asibiti ya kama tsakuwa. Masu tsantseni a cikinsu suna jawo maganar da Zenofon ya ruwaito daga Sukurat, cewa abin da za a iya sani ta ƙirge ko awo ko sikeli bai kamata a kai wa alloli ba. Irin tambayar da Sukurat ya ce ta dace ita ce wadda ƙwarewa ba ta kai gare ta: manomi ya san yadda ake shuka, bai san wa zai girbe ba.

Akwai kuma bambancin da ya shafi tsada. Bagirken dā da bai ji daɗin amsa ba zai iya sakewa, amma kowace sakewa rago ce, ko tafiyar kwanaki da jiran bakwai ga wata mai zuwa, kuma a gaban shaidu. Mai jakar tsakuwa ko manhajar waya yana iya zara sau ashirin cikin dare ɗaya har ta faɗi abin da yake so, ba wanda ya gani. Shi ya sa shawarar da tsofaffin hannu a cikinsu suka fi ba sababbi ita ce a rubuta tambaya da amsa da kwanan wata a littafi kafin a san sakamako, kada a maimaita tambaya ɗaya, kuma in lamarin babba ne a kai shi wajen mutum na biyu wanda bai san amsar farko ba.